Ɓuntu, itace da hasken rana: littafin gyaran injin shinkafarmu na Kura

28 ga Oktoba, 2024

Kusan mako guda ke nan babu wutar lantarki a Kano da yawancin jihohin Arewa, tun da manyan layukan da ke kawo mana ita suka lalace. Injinmu na casar shinkafa a nan Kura da janareta yake tafiya daga safe har la'asar, kuma duk jarkar dizal da aka juye masa daga ribar buhu take fita. Fetur ma ya haura naira 1,000 lita a farkon watan nan. Ko wutar ta dawo ba wani sauƙi, domin tun Afrilu aka kai kuɗinta naira 225 kowane yunit ga 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, ninki uku da ɗoriya, ragin da aka yi daga baya kuma bai taka kara ya karya ba.

Ni ke riƙe da lissafin gidan, Yaya ke kan inji, Gwaggo ce shugabar matan da ke yi mana gumi. Jiya bayan isha'i na roƙi Baba izini in bi diddigin abu biyu: duk abin da muke saya don mu ƙona, da duk abin da muke zubarwa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023 nake karance-karance kan yadda ake tafiyar da sana'a ba tare da an cinye ƙasa da ruwa da itatuwan da sana'ar ke tsaye a kansu ba. Yawancin abin da na karanta maganar manyan kamfanoni ce. So nake in ga abin da zai rage a cikinta idan aka sauko da ita kan ƙaramin gidan casa mai rijiya ɗaya da 'yan durorin turara.

Baba ya ce, "Ka yi, amma kada ka taɓa jarin shanshera, kuma kada ka ɓata wa gwaggonka rai."

Ga abin da na fara rubutawa. Abu uku muke ƙonawa a gidan nan: dizal da kuɗi, itace da kuɗi, ɓuntu kuma a banza, a bayan katanga, don kawai mu rabu da shi. Tulin yana ci a hankali kwana da kwanaki, maƙwabta na shan hayaƙi.

9 ga Nuwamba

Shinkafar damina ta fara shigowa, sipi da jamila, na aro sikeli na shiga awo. Kowane kilo 100 na shanshera yana fitar da kusan kilo 20 na ɓuntu. Haka masana suka rubuta, haka kuma sikelin ya nuna. Kilo ɗaya na ɓuntu bai kai kilon busasshen itace zafi ba, amma bai yi masa nisa ba. Ke nan makamashin da zai turara shinkafarmu yana fitowa daga cikin shinkafar kanta, mu kuma muna aika kuɗi daji a saro mana bishiya.

Mutanenmu ba don rashin wayo suka ƙi shi ba. Ɓuntu ba shi da nauyi, a cika mota fam da shi kuɗin dako ya fi kuɗin kaya, don haka sai dai a yi amfani da shi inda aka same shi. Sannan kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa toka ce mai yawan silika, wadda ba ta ƙonewa. Idan aka zuba shi a murhun duwatsu sai ya danne wutar, iska ta kasa ratsawa, ya yi ta turnuƙe mutane. Gwaggo ta ce sun gwada tun da daɗewa, idanunsu suka raina fata.

Akwai wani abu da sai da na tsaya kusa da Yaya na gane shi. Injinmu biyu ne. Tsohon mai ƙarfe niƙe ɓuntu yake yi ya haɗa shi da dusa, a sayar wa masu kiwo da araha, dabba kuma ba ta samun wani abin kirki a ciki. Sabon mai naɗin roba yana ɓare ɓuntun ya hura shi waje ɗaya, dusa zalla ta fita ta wani gefen, shinkafar ma ba ta yawan karyewa. Ɓuntun da bai niƙe ba shi ne mai amfani a murhu, dusa zalla kuma masu haɗa abincin kaji na biyan ta da daraja. Na ce mu mayar da yawancin aiki kan sabon. Yaya ya ce robar tana cinyewa, daga waje ake kawo ta, farashinta dala yake bi. Gaskiyarsa ce, na buɗe wa robar shafinta daban a littafi don a gani ko dusar za ta biya ta.

25 ga Nuwamba

Jiya aka tashi daga taron sauyin yanayi na Baku, da alƙawarin dala biliyan 300 a shekara nan da 2035 don ƙasashe masu tasowa. Wakilan Indiya da Najeriya sun fito fili sun ce kuɗin bai isa ba.

A takarda ƙasarmu ba a baya take ba. A Disambar 2017 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da gwamnatinta ta sayar da takardun lamuni na ayyukan muhalli, na naira biliyan 10.69. A taron Glasgow na 2021 Shugaba Buhari ya yi alƙawarin cewa nan da 2060 hayaƙin da muke fitarwa ba zai wuce wanda ake shanyewa ba, a Nuwamban shekarar kuma ya sa hannu kan dokar sauyin yanayi. Ban raina ko ɗaya ba. Sai dai tattalin arzikin da ke cin itace a Arewa ba a ofis yake ba. Yana wajen masu gumi, gidajen burodi, masu tuyar ƙuli-ƙuli, mahauta masu tsire da kilishi, da kowane madafi na kowane gida. Duk tsarin da bai sauko har shagon mai waldar da zai ƙera musu murhu ba, bai taɓa su ba tukuna. Mu dai ba za mu zauna jira ba.

14 ga Disamba

Kafin a canza abin da ake ƙonawa, gara a rage yawan zafin da ake buƙata. Da wannan na fara.

Yadda muka gada, ana jiƙa shanshera ta kwana, a zuba ta a rabin duro da ruwa, a hura wuta har ɓawo ya tsage. Ta ƙasa tana zaune cikin ruwa tana dahuwa, ta sama ba ta gama turaruwa ba, shi ya sa buhu ɗaya ke fitowa da launi biyu ko uku. Hukumar JICA ta Japan ta koyar da wata dabara a Lafiya da Bida: a sa faifan ƙarfe mai huji-huji a ɗan saman gindin duron, ruwa kaɗan a ƙarƙashinsa, shinkafa a kansa, a rufe da murfi. Tururi ne kaɗai ke taɓa ta. Ruwa kaɗan kuma ba ya jinkirin tafasa, itacen da ake ci sai ya ragu. Cibiyar AfricaRice ma tana da nata tsarin mai kama da wannan, da tukwane na ƙarfen da ba ya tsatsa, amma ya fi ƙarfin aljihunmu yanzu.

Mai waldar bakin kasuwa ya yanka mana faifai ya yi masa ƙafafu. Da na kai wa Gwaggo sai ta juya shi ta ce, "Ɗan nan, tun ba a haife ka ba nake gumi." Na ce, "Haka ne Gwaggo, duro ɗaya kawai nake roƙo." Ta ba ni na ƙarshen layi.

Ranar da aka cashe ta duron nan, ita da kanta ta ɗebo a tafin hannu ta fita rana ta duba. Launi ɗaya, babu baƙin gindi. Ta ce gani ya kori ji, a yi wa sauran. Ta kuma ƙara nata, wanda ba na cikin abin da na karanta: ta shimfiɗa jiƙaƙƙen buhun algarara a ƙarƙashin murfin, tururin da ke tserewa ta gefe ya tsaya. Lodin itacen da muke cinyewa a mako yanzu yana kai mu tsakiyar mako na biyu.

11 ga Janairu, 2025

Murhun ɓuntu ya kama aiki. Wannan ne ya fi cin lokaci, zan kuma yi bayaninsa da kyau don wanda zai so ya gwada.

Ba sabon abu ba ne a duniya. A Filifin, injiniya Alexis Belonio ya ƙera murhun da ke mayar da ɓuntu iskar gas mai shuɗin harshe, da taimakon ƙaramar fanka, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2008. A jihar Bihar ta Indiya kamfanin Husk Power da ɓuntu ya fara ba ƙauyuka lantarki, shi ne kuma yanzu ke da ƙananan tashoshin sola a jihar Nasarawa. Irin na Belonio cika shi ake yi a kunna, in ya cinye a juye a sake. Gumi kuwa yana son wuta mai ɗorewa, don haka muka zaɓi wanda ɓuntu ke gangarowa da kansa.

Siffarsa mazurari ce babba a gefe, ɓuntu na zubowa daga ita kan matattakalar ƙarfe mai tsaga-tsaga da aka karkata a ƙarƙashin duro. Iska na shiga ta tsagogin, ɓuntun na ci yana gangarawa, toka na taruwa a ƙasa inda ake janye ta. Asirin duk a iska yake. In ɓuntun ya yi kauri a kan matattakalar, hayaƙi. In ya yi sirara, wuta ta cinye ta mutu. Mai walda ya yi ta buɗa tsagogin yana rage karkatar har harshen ya daidaita, muka ƙara masa bututun hayaƙi mai tsawo da 'yar fanka irin ta mota. Ban taɓa ganin amfanin mai sana'ar hannu kamar a wannan aikin ba. Zanen da na kawo masa daga waya kwatance ne kawai, shi ya san ƙarfen da zai jure wuta da wanda zai lanƙwashe cikin wata guda.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, ta riƙa kwasar toka tana zubawa kan shinkafar da aka shanya. Mun mayar da murhun kudu maso yammacin filin shanya, aka huta. Tokar kanta ba a kwasarta a bushe, sai an yayyafa mata ruwa, domin ƙurar silika ba abin shaƙa ba ce.

Murhun yana son mai kula da shi, ya riƙa cika mazurari yana janye toka. Matan kuɗin buhu ake biyan su, ba daidai ba ne a ɗora musu ƙarin aiki a kan tsohon lada. Mun ɗauki yaro ɗaya, ladansa daga kuɗin itacen da ya ragu yake fita.

Abin da ya fi taɓa ni ba ya cikin lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na kashe kimanin mutum miliyan 3 a shekara, mata da ƙananan yara ne kuma suka fi shaƙarsa. Matan nan shekara da shekaru suna tsugune a bakin wuta, wasu da goyo a baya. Yanzu hayaƙin ta bututu yake fita sama da kawunansu. Ko murhun bai rage mana kwabo ba, wannan ya isa a yi shi.

In aka janye ɓuntun tun yana baƙi, kafin ya zama farar toka, gawayi ne mai kyau ga ƙasa: yana riƙe danshi, yana sassauta laka. Mun fara tara shi gefe.

2 ga Fabrairu

Mutumin da ke kawo mana itace tun zamanin kakanmu ya zo da lodi, ya tarar da na watan jiya bai ƙare ba. Ya tsaya ya daɗe yana kallon murhun, sannan ya ce da ni, "Malam, ashe kun daina yi da mu." Ba da faɗa ya faɗa ba. Yana da iyali, yana da masu faskare da ke ci a ƙarƙashinsa.

Littattafan da nake karantawa suna ambaton irin wannan a layi ɗaya su wuce, wai kada sauyi ya bar kowa a baya. A ƙofar gidanmu mutum ne tsaye da hularsa a hannu. Baba ya shigo da shi aka zauna. Abin da muka iya shi ne mu ba shi dakon dusa zuwa gidajen kaji da na gawayin ɓuntu zuwa gonaki, tunda yana da a-kori-kura. Bai kai abin da yake samu a itace ba, kuma ban rubuta shi a matsayin an warware ba. Shi da bakinsa ya ce kowace shekara sai ya ƙara nisa kafin ya samu abin sara.

Kawu da ke fataucin wake daga Maraɗi yana wurin, ya ce su can sun ga ƙarshen wannan hanyar tun bayan farin shekarun 1970 da 1980, gonaki suka zama fili fetal, iska na binne shuka. Abin da ya dawo da su ba dashe ba ne, sassaben zamani ne: manomi ya bar kututturen da ke tohowa a gonarsa, ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ya datse sauran, ya kare su. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya, ya fara yaɗa wannan a yankin Maraɗi a farkon shekarun 1980, manoma suka ɗauka suka kai shi har Damagaram. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da bishiyoyi kusan miliyan 200. Gawo ya fi yawa a wurare da dama, shi da ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya kuma yi wa ƙasa taki. Kawu ya ce yanzu mace na samun itacen girki daga datsar gonar mijinta, har a sayar da saura. Ke nan sayar da itace ba laifi ba ne, inda aka samo shi ne magana. Na roƙi Baba mu fara barin toho a gonarmu ta tudu bana, ya amince.

22 ga Fabrairu

Lissafin sola ya fito, kuma bai ba da abin da Yaya ke fata ba, wato a ɗora babban inji a kanta.

Sola tana aiki a Kano, babu musu. Jami'ar Bayero na da tashar megawat 7.1 tun 2019, akwai ta megawat 10 a Challawa da aka buɗe a Janairun 2023, shagunan kasuwar Sabon Gari da yawa da ita suke kunna fitila da fanka. Amma injin casa ba fanka ba ne. Lokacin tashi, motarsa na jan wuta ninkin-ba-ninkin abin da take ci in ta daidaita, don haka sai an sa faifai masu yawa, babbar inbata (na'urar da ke mayar da wutar faifan irin wadda inji ke ci) da batura masu tsada. Masu harkar da na tuntuɓa duk kuɗin da suka faɗa ya haura jarin shansherarmu na kaka guda.

Bashi kuma ba ya ɗaukuwa. Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari tun Nuwamba, na 'yan kasuwa ya fi haka, Baba kuma ko da sauƙi ba ya taɓa bashi mai ruwa. Akwai bankunan da ke saya maka kaya su sayar maka da riba sananniya, mun ajiye wannan don gaba. Shirin dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2023 don wutar sola a Najeriya ta hannun kamfanonin da ke kafa tashoshi yake bi. In wata rana aka kafa irin tashar a unguwar masu casa ta Kura, mu ne kwastoman da suke nema, masu cin wuta da rana tsaka. Wannan sai ƙungiya, gida ɗaya ba zai jawo shi ba.

Abin da muka yanke: a bar babban inji a kan lantarki da janareta, a cire masa duk ƙananan kaya. Famfon rijiya, fitilu, fankar murhu da keken ɗinke buhu su koma sola. Da muna tayar da janareta sukutum don kawai a cika duron jiƙo. Famfon ba ya buƙatar batir, in rana ta fito ya tura ruwa tanki a sama, tankin shi ne rumbunmu na rana. Kwasar adashin Baba ta wannan watan za ta biya.

15 ga Maris

Azumi ya kai rabi, aiki da sassafe ake yi. An kafa faifan, tanki na cika kafin azahar. Ƙura na rage musu ƙarfi sosai, yaron murhu na goge su da safe.

Batir ɗaya muka saya don fitilu, na kuma sa mai sayarwa ya rubuta cewa zai karɓi tsohon in ya mutu. Ina ganin yadda ake fasa tsofaffin batura a bakin hanya, a zubar da ruwan a ƙasa, a narka dalmar a fili. Ba mu manta Zamfara ba, inda gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a 2010. In sola ta cika gari babu tsarin kwashe matattun batura, mun kori wata cuta mun shigo da wata.

12 ga Afrilu

Na fita daga gidan casa na shiga gona, domin shinkafar da muke saya nata nauyin ya fi namu. Gonar da ruwa ke kwance a cikinta wata da watanni tana fitar da iskar mitan daga ruɓewar ciyayi a cikin laka, wadda a cikin shekara 20 ta fi hayaƙin kabon riƙe zafi fiye da sau 80.

Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta daɗe tana koyar da ban-ruwa da hutu. A samu guntun bututun roba mai tsawon santimita 30, a huhhuda rabinsa, a kafa shi a gona a kwashe lakar ciki. Bayan dashe ya kama, a bar ruwa ya janye, ana leƙa bututun. Sai ruwan cikinsa ya sauka santimita 15 ƙasa da fuskar gona sannan a sake ba da ruwa. Saiwa na nan cikin danshi ko da sama ta bushe. Lokacin da shinkafa ke fitar da kai ne kaɗai ba a yarda ruwa ya yanke. Binciken ya nuna ana iya rage ruwa har kashi 30 cikin ɗari, mitan kuma kusan rabi, ba tare da amfani ya ragu ba.

Na kai wa manoman da muke sayen shanshera a hannunsu, na ga abin da ya raba su biyu. Masu jan ruwa da injin fetur tun ban rufe baki ba suka karɓi bututun, don duk ban-ruwan da aka tsallake lita ce ta tsira. Masu shan ruwan kanal daga dam ɗin Tiga kuwa, wanda aka gama a 1974, kuɗinsu na ruwa ba ya canzawa ko sun sha da yawa ko kaɗan. Wani dattijo ya ce mini, "Yaro, ranar da ruwa ya zo layinmu nake sha, in na bar shi ya wuce wa ya ce zai dawo ranar da nake so?" Ba ni da amsa, don maganarsa daidai ce. Ruwan da ya bari zai amfani na ƙarshen kanal, da mutanen Haɗeja da Nguru da ke jiran ragowar kogin, amma shi ba abin da zai shiga aljihunsa. Wa'azi ba zai gyara wannan ba, sai rabon ruwa ya zama abin dogaro.

Mun ba masu injin bututu kyauta, da buhunan gawayin ɓuntu su zuba a wani ɓangare na gona su bar wani, a kwatanta a girbi.

17 ga Mayu

Kasuwa ta juya. Tun bayan da gwamnati ta ɗage harajin shigo da shinkafa, masara, alkama da wake na kwana 150 a Yulin bara, farashi ke sauka, bana kuma ya sauka sosai. Mai saye ya ji daɗi, kuma ya cancanci ya ji. Amma wanda ya sayi shanshera da tsada ya ajiye yana cikin wani hali, gidajen casa da dama a layinmu aiki ya tsaya.

Mu ma riba ta ƙanƙance, sai dai ba mu rufe ba. Itace ya kusa fita daga littafi, dizal ya ragu, dusa zalla ta biya robar inji har da saura, dillalan Dawanau da Singa kuma suna ware shinkafarmu saboda launinta ɗaya ne. Babu wanda ya ƙara mana ko naira don mun daina sare bishiya. Kyan ƙwaya suke biya.

Curin gawayin ɓuntu da muka gwada haɗawa da sitacin rogo don sayarwa bai karɓu ba. Mai shayin da ya gwada ya ce toka ta fi wuta yawa. Injin matse ɓuntu na gaske yana cin lantarki, silika kuma na cinye ƙarfensa da wuri. Na rufe wannan shafin.

21 ga Yuni

Damina ta sauka, ta zo da nata. Jiƙaƙƙen ɓuntu ba ya ci, sai da muka yi masa rumfa da tsofaffin kwanuka. Masu injin fetur da suka yi aiki da bututu sun girbe, ba wanda ya ce amfaninsa ya ragu, maƙwabtansu sun fara tambaya. Gefen da aka zuba gawayi kuwa bambancin bai fito fili ba a girbi ɗaya, za a ci gaba da zubawa a wuri guda a gani.

Ruwan jiƙo ne abin da ban warware ba har yanzu, kuma yana damuna. Yana da wari, kwata yake bi ya wuce ta ƙofar mutane. An fara haƙa ramuka biyu a jere, na farko ya kwantar da laka, na biyu a cika shi da gawayin ɓuntu da tsakuwa ruwan ya ratsa, sannan ya gangara kan 'yan ayaba da zogale a bayan fili. Sai an ga yadda shukar ta karɓe shi kafin in ce ya yi.

Babbar matsalar yanzu shanya ce. Shinkafar da aka turara sai danshinta ya sauka zuwa kashi 14 cikin ɗari kafin a casa, hadari kuma ba ya ba da sanarwa. Shekaranjiya matan sun kwashe tamfol a guje, duk da haka wani kaso ya yi fumfuna. A kudancin Biyetnam da ɓuntu suke busar da shinkafa: ɗaki mai bene na ƙarfe mai huji, a baza ta a kai, fanka na tura iska mai ɗumi daga murhu ta ƙasa. Na nuna wa mai walda, ya ce ginin da murhun ba za su gagare shi ba, fankar ce sai an nemo mai ƙarfi a Kano, kuma dole a raba hayaƙi da toka daga iskar kada shinkafa ta ɗauki ƙauri. Ɗakin ya fi ƙarfin gida ɗaya, kuma zai ishi gida uku ko huɗu. Baba zai yi wa maƙwabtanmu masu casa magana bayan sallar Juma'a, ni kuma an ce in kawo lissafin bulo, ƙarfe da fanka a rubuce kafin ranar.